Besbol a Amurka: An saba da agogon jifa, amma rigimar zaɓen ƴan wasa ta ƙi ci ta ƙi cinyewa

Ranar Asabar 25 ga watan Fabrairun 2023, a garin North Port na jihar Florida, ƙungiyoyin Atlanta Braves da Boston Red Sox suna kunnen doki 6 da 6 a turmin ƙarshe na wani wasan share fage. Braves na da mutum uku a kan zanguna, bugu ɗaya mai kyau ya isa ya ba su nasara, kuma matashi Cal Conley ne riƙe da gora. Kafin majefi ya saki ƙwallo sai alƙalin wasa ya ɗaga hannu. Conley ya zaci majefin aka hukunta, har ya kama hanyar zangon farko, sai aka sanar da shi cewa shi ne aka fitar, saboda bai ɗago kai ya fuskanci majefi ba kafin agogo ya nuna saura sakan 8. A nan wasa ya ƙare, ƴan kallo suka yi ta ihun nuna ƙin amincewa.

Da irin wannan hayaniya sabuwar dokar agogon jifa ta shigo babbar gasar besbol ta MLB, mai ƙungiyoyi 29 a Amurka da ɗaya a Kanada. A yau ihun ya lafa, akasarin magoya baya sun karɓi agogon. Abin da har yanzu yake tada jijiyoyin wuya a ƙarshen kowane watan Maris shi ne jerin mutum 26 da kowace ƙungiya ke zaɓa don buɗe kaka, domin a bayan wannan jerin akwai wani lissafin kwanaki da ba a nuna shi a allon fili, wanda ke iya jinkirta arzikin matashi da shekara guda cur.

Yadda wasan yake a taƙaice

Ga mai karatu da ƙwallon ƙafa da kokowa kawai ya sani, ga yadda abin yake. Kowane ɓangare na da mutum tara a fili, ana kuma yin turmi tara. A kowane turmi ɓangare ɗaya na bugu ɗayan na tsaro, har sai an fitar da mutum uku sannan a yi musanya. Majefi na tsayawa a kan ɗan tudu, tazarar mita 18 da ƴan kai daga mai gora. Idan mai gora ya yi kuskure uku an fitar da shi. Idan kuma majefi ya yi bauɗaɗɗen jifa har huɗu, mai gora zai taka zuwa zangon farko kyauta. Ana samun maki ne idan ɗan wasa ya zagaye zanguna uku ya dawo gida.

Sama da shekara ɗari, abin alfaharin masoya besbol shi ne wasansu ba ya da agogo. Ba a cin wasa da ɓata lokaci, dole sai ka fitar da mutum na ƙarshe. A 1981 wasu ƙungiyoyi biyu na ƙaramin rukuni, Pawtucket da Rochester, sun yi turmi 33 kafin a samu gwani. Sai dai sannu a hankali wasan ya yi ta tsawo ba tare da ƙarin abin kallo ba. Majefi ya sauka daga tudu ya share zufa, mai gora ya fita ya gyara safar hannu, a dawo a sake. A 2021 matsakaicin wasa mai turmi tara ya kai awa 3 da minti 10, abin da ba a taɓa gani ba. Tun da daɗewa akwai doka a rubuce da ta ba majefi sakan 12 idan babu kowa a zango, amma alƙalai ba sa aiki da ita.

Abin da dokar ta ƙunsa

A watan Satumban 2022 kwamitin dokoki na MLB mai mutum 11 ya amince da sauyin. Shida daga ɓangaren masu ƙungiyoyi ne, huɗu ƴan wasa, ɗaya alƙali. Ƴan wasan huɗu duk sun ƙi amincewa da agogon, amma aka rinjaye su.

Dokar ta ba majefi sakan 15 ya fara jifa idan babu kowa a zango, sakan 20 idan akwai. Idan ya makara, an rubuta masa bauɗaɗɗen jifa. Mai gora kuma dole ya shirya kafin saura sakan 8, in ba haka ba an rubuta masa kuskure. Sau ɗaya kawai mai gora ke iya neman a dakata a kowace tsayawa. Majefi na iya sauka daga tudu ko ya jefa ƙwallo zango don kama mai shirin gudu sau biyu kacal. Idan ya yi na uku bai kama shi ba, mai gudun ya ci gaba kyauta. An kuma ƙara faɗin zanguna daga inci 15 zuwa 18, aka hana masu tsaro taruwa a gefe ɗaya na fili. A 2024 an sake rage sakan 20 ɗin zuwa 18.

Ba a fara da manya ba. An gwada agogon a ƙananan rukunai tun 2015, sannan a 2022 aka tsananta shi a duk matakansu, inda tsawon wasa ya ragu da kusan minti 25. Ƴan Nijar mazauna Greensboro a jihar North Carolina, idan sun leƙa filin Grasshoppers, ƙaramar ƙungiyar Pittsburgh Pirates da ke garin, sun riga mutanen manyan birane ganin wannan agogo da shekara guda.

Masu so da masu ƙi

Manny Machado na San Diego Padres ne ya fara faɗawa tarkon, ranar 24 ga Fabrairun 2023, kuma shi ne aka fara kora daga fili a kan gardamar agogo a farkon watan Afrilu. A ranar buɗe kaka, 30 ga Maris, an fitar da Rafael Devers na Red Sox a turmi na takwas ba tare da an jefa masa ƙwallon ƙarshe ba, ƙungiyarsa kuma ta sha kashi 10 da 9 a hannun Baltimore Orioles. Duk wanda ya bi kafafen sada zumunta a wannan makon ya ga yadda magoya baya suka rabu.

Masu adawa, waɗanda da yawansu tsofaffin ƴan kallo ne, sun ce daɗin besbol yana cikin wannan shirun da ke tsakanin jifa da jifa, lokacin da majefi da mai gora ke karantar juna, uba kuma ke bayyana wa ɗansa abin da zai biyo baya. Babbar hujjarsu ta zo ne ranar 21 ga Maris 2023 a Miami, a wasan ƙarshe na gasar duniya, wadda a lokacin ba ta amfani da agogo. Shohei Ohtani na Japan ya fuskanci abokin wasansa na ƙungiya ɗaya, Mike Trout na Amurka, a matsayin mutum na ƙarshe. Ohtani ya fitar da shi, Japan ta ci 3 da 2. Tambayarsu ita ce, wa zai so a hanzarta irin wannan lokaci?

Abin da ya faru da Cody Bellinger ya ƙara musu ƙarfi. A tsakiyar watan Afrilu ya koma filin tsohuwar ƙungiyarsa Los Angeles Dodgers sanye da rigar Chicago Cubs. Ƴan kallo suka miƙe suna tafa masa, ya tsaya yana amsawa, alƙali ya rubuta masa kuskure. Hatta masu goyon bayan dokar sun ce wannan rashin lura ne.

Masu goyon baya kuwa maganarsu ta aiki ce da makaranta. Kowace ƙungiya na buga wasa 162 a kaka, akasari da dare a tsakiyar mako. Wasan da aka fara ƙarfe 7 ya wuce ƙarfe 10 ba na mai sammakon aiki ba ne, balle yaro ɗan makaranta. Direban tasi ko ma'aikacin shago a unguwar Bronx, inda filin New York Yankees yake kuma ƴan Afirka ta Yamma ke da yawa, ya san darajar rabin awa. Mai bin wasan ta waya daga Maraɗi ko Yamai ma haka, tunda ƙarfe 7 na yamma a New York sha biyun dare ne a Nijar.

Akwai kuma rigimar da ba wanda ya hango. A al'ada ana daina sayar da giya a fili bayan turmi na bakwai. Da wasa ya gajarta ciniki ya ragu, sai ƙungiyoyi irin su Milwaukee Brewers, Texas Rangers, Minnesota Twins da Arizona Diamondbacks suka tsawaita zuwa turmi na takwas. Majefin Philadelphia Phillies, Matt Strahm, ya fito fili ya soki matakin, yana mai cewa hakan zai sa mutane su hau tuƙi kafin maye ya sake su.

Abin da alƙaluma suka nuna

Daga awa 3 da minti 4 a 2022, matsakaicin wasa ya sauka zuwa awa 2 da minti 40 a 2023, sannan awa 2 da minti 36 a 2024, mafi gajarta tun 1984. Ƴan kallon da suka shiga filaye sun tashi daga kimanin miliyan 64.6 a 2022 zuwa miliyan 70.7 a 2023, karon farko da aka haura miliyan 70 tun 2017. Ba agogo kaɗai ya kawo wannan ba, domin lokacin ne ma mutane ke gama farfaɗowa daga annobar korona, amma hasashen cewa masoyan asali za su ƙaurace wa filaye bai tabbata ba.

Salon wasan ma ya sauya. Satar zango, wato mai gudu ya sulale zuwa zango na gaba yayin da majefi ke jifa, ta tashi daga 2,486 a 2022 zuwa 3,503 a 2023, mafi yawa tun 1987. Ronald Acuña Jr. na Braves, ɗan ƙasar Venezuela, ya saci zango 73 ya kuma buga ƙwallo 41 da suka tsallake katanga a kaka ɗaya, abin da babu wanda ya taɓa haɗawa. Ƴan wasa sun saba da wuri, hukuncin agogo ya yi ta raguwa yayin da kaka ke tafiya, aka kuma bar dokar yadda take a wasannin cin kofi.

Masoya ƙwallon ƙafa sun ga makamancin wannan. A 2025 hukumar IFAB mai tsara dokoki ta ba mai tsaron gida sakan 8 ya saki ƙwallo, in ya wuce a ba abokan hamayya kwana. Can ma tsohuwar dokar sakan 6 na nan a littafi, alƙalai ne ba sa busawa.

Batun gwiwar hannu

Inda gardamar agogo ba ta mutu ba shi ne lafiyar majefa. A farkon watan Afrilun 2024, cikin ƴan kwanaki, aka samu labarin raunin gwiwar hannu na manyan majefa uku: Shane Bieber na Cleveland Guardians, Spencer Strider na Braves da Eury Pérez na Miami Marlins. Shugaban ƙungiyar ƙwadagon ƴan wasa na lokacin, Tony Clark, ya fitar da sanarwa yana zargin MLB da rage lokacin hutun majefi ba tare da nazarin illarsa ba. MLB ta mayar da martani cewa binciken da jami'ar Johns Hopkins ta yi bai gano alaƙa tsakanin agogon da ƙaruwar raunuka ba. A watan Disamban 2024 ta fitar da rahoton da ya ɗora laifin a kan tseren ƙarfin jifa da murɗa ƙwallo, wanda ya daɗe yana ƙaruwa tun kafin agogo. Magoya baya kuwa, duk lokacin da gwarzonsu ya kama gwiwa ya bar fili, agogon suke fara tuhuma.

Lissafin kwana 172

Daga tsakiyar Fabrairu zuwa ƙarshen Maris, ƙungiyoyi 15 na atisaye a Florida, 15 a Arizona. Kowace na da jerin mutum 40 da take riƙe da su, tana kuma gayyatar wasu daga waje su gwada sa'arsu. A ƙarshe mutum 26 ne za su buɗe kaka, kuma majefa ba za su wuce 13 ba. Sabbin dokokin sun taɓa wannan zaɓe: mai gudu da sauri ya ƙara daraja, haka ma mai cafe ƙwallo a bayan gida wanda hannunsa ke iya kama ɓarawon zango, majefin da ya saba jan jiki kuma dole ya sauya.

Amma ba a nan gizo ke saƙa ba. A tsarin MLB, ɗan wasa ba ya da ikon zaɓar ƙungiyar da yake so sai ya cika shekara shida na aiki a babban rukuni. Kwana 172 ake ƙirgawa a matsayin shekara ɗaya, alhali kaka ta fi haka da kimanin mako biyu. Ke nan idan ƙungiya ta ajiye matashi a ƙaramin rukuni na ƴan makonnin farko, shekararsa ta farko ba za ta cika ba, sai ta riƙe shi kaka bakwai maimakon shida.

Misalin da kowa ke kawowa shi ne Kris Bryant. A atisayen 2015 ya buga ƙwallo tara da suka tsallake katanga, ya fi kowa. Duk da haka Chicago Cubs ta tura shi ƙaramar ƙungiyarta ta Iowa, ta ce yana buƙatar gyara tsaronsa. Aka kira shi ranar 17 ga Afrilu. Ya gama kakar da kwana 171, saura kwana ɗaya tak, kuma shi ya lashe kyautar sabon ɗan wasa mafi ƙwazo. Ƙungiyar ƙwadago ta shigar da ƙara, mai sasantawa ya yi watsi da ita a watan Janairun 2020. Magoya bayan Cubs sun rabu a lokacin. Wasu sun ce an ci amanar yaro, wasu sun ce mako biyu ba komai ba ne idan za a samu ƙarin shekara guda. Da Cubs ta ci kofi a 2016, karon farko tun 1908, Bryant kuma ya zama gwarzon shekara, kowane ɓangare ya ce nasarar ta gaskata shi.

Abin da ake raɗe-raɗinsa ya fito fili a Fabrairun 2021, lokacin da bidiyon shugaban Seattle Mariners, Kevin Mather, ya yaɗu. A ciki ya shaida wa wani taro cewa ƙungiyarsa ba ta da niyyar fara ƙirga wa manyan matasanta kwanaki da wuri. Cikin ƴan kwanaki ya yi murabus.

Wannan na cikin abubuwan da suka haddasa rikicin kwana 99 tsakanin masu ƙungiyoyi da ƴan wasa, daga Disamban 2021 zuwa Maris 2022. Yarjejeniyar da aka cimma ta zo da lada da kuma hukunci. Ƙungiyar da ta ba fitaccen matashi cikakkiyar shekara, ya kuma lashe kyautar sabon ɗan wasa, za ta samu ƙarin gurbi a zaɓen matasa na shekara mai zuwa. Matashin da ya zo na ɗaya ko na biyu a kyautar kuma za a rubuta masa cikakkiyar shekara ko da an makara kiransa. Mariners ce ta fara cin moriya a 2022 da Julio Rodríguez. A 2023 Yankees ta miƙa wa Anthony Volpe ɗan shekara 21 gurbi tun ranar farko, magoya baya suka yi ta yaɗa bidiyon lokacin da mai horaswa Aaron Boone ke sanar da shi.

Ba kullum ƴan kallo ke da gaskiya ba

Kakar 2024 ta ba kowane ɓangare darasi. Jackson Holliday ɗan shekara 20, wanda ake ɗauka a matsayin matashi na ɗaya a duk ƙasar, ya yi rawar gani a atisaye, amma Orioles ta tura shi ƙaramin rukuni. Magoya baya suka yi ca a kan shugabanni, suna cewa an sake yin irin ta Bryant. Aka kira shi ranar 10 ga Afrilu. A tsayawa 34 sau biyu kawai ya yi bugu mai kyau, kafin wata ya ƙare aka mayar da shi. A nan shugabannin ne suka fi ƴan kallo sanin halin da yaron ke ciki.

Pittsburgh Pirates kuwa ta riƙe majefi Paul Skenes har zuwa 11 ga Mayu. Cikin wata biyu shi aka zaɓa ya buɗe wasan taurari na tsakiyar kaka, a ƙarshe ya lashe kyautar sabon ɗan wasa. Aka rubuta masa cikakkiyar shekara, Pirates kuma ba ta samu ƙarin gurbin ba. Ta yi biyu babu, magoya bayanta ba su manta ba.

Wahalar al'amarin ke nan. Hukuncin agogon jifa kowa na ganin lambobinsa a allo, doka ɗaya ce ga tauraro da sabon shiga, shi ya sa aka saba da ita cikin kaka guda. Hukuncin ofis kuwa ba wanda zai iya tabbatar da dalilinsa. Idan shugaba ya ce yaro bai nuna ba, mai yiwuwa gaskiya ce, mai yiwuwa lissafin kwanaki ne, kuma kalmomin da zai faɗa iri ɗaya ne a duka biyun.

Waɗanda ba a jin labarinsu

Hayaniyar na kan taurarin gobe, amma wanda ya fi shiga haɗari shi ne mai neman gurbi na 25 ko na 26. A 2023 mafi ƙarancin albashi a babban rukuni dala 720,000 ne a shekara, sama da sefa miliyan 400. Ɗan wasan matakin da ke ƙasa da shi, idan ba ya cikin jerin 40, mafi ƙarancin nasa dala 35,800 ne. Ƙungiya na da shekara uku da za ta iya hawa da sauka da ɗan wasa. Idan sun ƙare, ba ta iya mayar da shi ƙasa sai ta ba sauran ƙungiyoyi damar ɗaukarsa. Saboda haka sau da yawa ana barin wanda damarsa ta ƙare a jerin 26, a tura wanda ya fi shi ƙoƙari a atisaye, don kada a rasa ko ɗaya. Ɗan kallon da ya ga alƙaluman Maris kawai sai ya ce an yi son kai.

Gift Ngoepe na Afirka ta Kudu ya san wannan jira. Ya shafe sama da shekara takwas a ƙananan ƙungiyoyin Pirates kafin ranar 26 ga Afrilun 2017, lokacin da ya zama ɗan wasa na farko haifaffen nahiyar Afirka da ya buga a MLB, ya kuma yi bugu mai kyau a tsayawarsa ta farko.

Abin da ke tafe

MLB ba ta tsaya a kan agogo ba. Bayan gwaji a atisayen 2025, a watan Satumba ta amince cewa daga kakar 2026 majefi, mai cafe ko mai gora na iya taɓa hularsa ya ƙalubalanci hukuncin alƙali a kan jifa, na'urar kyamara ta raba gardama cikin ƴan sakanni. Kowace ƙungiya na da dama biyu, kuma ba ta rasa damar idan ita ke da gaskiya. Tuni magoya baya suka sake rabuwa kamar yadda masoya ƙwallon ƙafa suka rabu a kan VAR.

Shi kuwa lissafin kwana 172 yana nan daram a cikin yarjejeniyar ƙwadago, wadda wa'adinta ke cika ranar 1 ga Disamban 2026. A teburin tattaunawar ne za a san ko matashin da ya cancanta zai riƙa buɗe kaka da manya ba tare da an duba kalanda ba. Kafin nan, mai son gane inda ƙungiyarsa ta dosa ya lura da abu biyu: sunan da babu shi a jerin 26 na ƙarshen Maris, da ranar da aka kira mai sunan a watan Afrilu.